A Nemi Babban Kifi A Zurfi, A Bar Ƙanana Su Girma

Kowace shekara, da zarar watan Maris ya raba tsakiya, zance ɗaya akan ji a bakin masu su na ƙasar Kankiya da ta Kusada, wai kifi ya ƙare. Mutum ya wuni yana jefa birgi a bakin ruwa, ya koma gida da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Daga nan sai zuciya ta soma ba shi shawara. Wani ya kwance gidan sauron da aka ba matarsa a asibiti ya shiga ruwa da shi. Wani ya bi dare da kwalbar maganin ƙwari. Kashegari kasuwa ta cika da 'yan mitsi-mitsin kifi ana aunawa da kwano, kowa yana murna da araha.

Murnar nan ta kwana ɗaya ce. Kifi yana nan da bazara, wurin zama kawai ya sake. Manya sukan bar gefe su gangara zurfi, su bar ƙanana a bakin ruwa. Don haka ra'ayinmu shi ne, aikin mai su da bazara ya bi manyan can inda suka tafi, da igiyar awo da ƙugiya, ya ƙyale ƙananan su girma. Wanda ya yi haka zai ci bana, ya kuma ci baɗi.

Ba abin kunya ba ne a ce ba mu ƙware da wannan aiki ba tukuna. Yawancinmu a nan manoma ne, ba gadon su muka yi ba. Abin da kakanninmu suka sani shi ne su na kududdufi da na gulbin da ke ƙafewa da rani, inda akan shiga gayya da koma a kwashe abin da ya rage kafin ruwa ya ɗauke. Ruwa mai zurfi wanda ba ya ƙafewa baƙo ne a ƙasarmu. A 1974 aka gama dam ɗin Tiga a ƙasar Kano. A 1983 aka gama na Zobe a kan gulbin Karaduwa, kusa da Dutsin-Ma. Ga kuma ƙananan madatsai irin na Kusada da na Kafin Soli. Ruwan sabo ne, amma dabarar da muke shigarsa da ita tsohuwa ce. Dabarar kududdufi kuwa, in an kai ta dam, ɓarna take yi.

Ina Kifi Yakan Tafi Da Bazara?

Kifi yana numfashi kamar mu. Akwai iska narke cikin ruwa wadda masana ke kira oksijin, ita yake tacewa ta jajayen abubuwan nan da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa. Ruwa mai sanyi ya fi mai zafi riƙe wannan iska. In zafin ruwa yana awo 20 a ma'aunin Salshiyas, kowace lita tana iya riƙe wajen miligiram 9 na oksijin. In ya hau zuwa awo 30, sai ya sauka zuwa 7 da rabi. Ga shi kuwa a watan Afrilu zafin rana a ƙasar Katsina yakan kai awo 40. Ruwan gefe, wanda bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, shi ne yake fara yin zafi. Babban kifi ba ya jure wannan, sai ya janye.

To, zai tafi can ƙasa ke nan ya kwanta a kan laka? A'a. Nan ne masu su da yawa suke kuskure, su saki igiya har ƙasa su yi ta jira a banza. Ku dubi ruwa mai zurfi da bazara kamar gidan bene mai hawa uku. Hawa na sama yana da zafi, amma iska tana kaɗa shi, yana samun oksijin. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka yakan zauna a bisa, ba ya gauraya da na ƙasa. Hawa na ƙasa yana da sanyi da duhu. Can ganyaye da kashin dabbobi da duk abin da ruwan damina ya kwaso suke ruɓewa. Ruɓewar nan tana cinye oksijin, ba kuwa hanyar da sabuwa za ta sauko. Bayan 'yan makonni hawan nan ya zama kamar ɗakin da aka toshe ƙofa da taga. Tsakanin su biyu akwai hawa na tsakiya, inda zafi yake soma raguwa amma iska ba ta ƙare ba. Kowa ya taɓa yin iyo a dam da bazara ya san wurin, gama yakan ji ƙirjinsa cikin ɗumi, ƙafafunsa kuwa cikin sanyi. Manyan kifi a saman wannan kan iyaka suke taruwa.

Wannan ba zato ba ne. Bayan an tare Kwara a Kainji a 1968, masu bincike sun yi ta auna ruwan tafkin, wanda zurfinsa kusa da bangon dam ya kai wajen mita 60. Sun iske daga wajen Fabrairu zuwa Mayu ruwan yakan rabu hawa-hawa, na ƙasa kuma ya rasa iska. A ƙaramin dam rabuwar ba ta da ƙarfi haka, domin iska mai ƙarfi tana iya motsa shi har ƙasa. Duk da haka ramin da ke kusa da bango yakan yi irin wannan hali in an daɗe cikin zafi babu iska.

Wannan ne kuma dalilin wani abu da yakan ba mutane tsoro. Wani lokaci bayan guguwar farkon damina sai a wayi gari a ga kifi ya mutu yana yawo a kan ruwa, ruwan yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Sai a ce an zuba guba, ko a ce aikin iskoki ne. Ruwa ba ya tsami banza, amma sau da yawa dalilin shi ne guguwa ta juye dam ɗin, ruwan ƙasa marar iska ya taso ya shaƙe kifin.

Giwan Ruwa Da Halinsa

Cikin manyan kifin da ake nema a zurfi, babu kamar giwan ruwa. Yana iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ko da yake irin wannan ba kasafai akan gan shi ba. Gidansa na asali manyan ruwaye ne: Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi da kogin Nilu. Namansa fari ne, ba yawan ƙaya, shi ya sa yake da daraja a kasuwa.

Abu uku ya kamata a sani game da shi. Na ɗaya, mafarauci ne, kifi yake ci. Inda ƙananan karfasa da kawara suke taruwa, yana nan kusa a laɓe. Na biyu, ba ya jure ƙarancin iska. Tarwaɗa tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska, ta rayu cikin taɓo. Giwan ruwa ba shi da wannan baiwa, saboda haka ba za a same shi a hawa na ƙasa da bazara ba. Na uku, idonsa yana gani cikin duhu-duhu. Da asuba da kuma gab da magariba yakan hauro bakin gangare ya yi farauta, da rana ta take sai ya koma inuwar dutse ko ta itacen da ruwa ya ci. 'Ya'yansa kuwa cikin ciyawar gefe suke girma, tare da 'ya'yan sauran kifi.

Wanda ya tafi cin rani zuwa babban ruwa irin Kainji ko Chadi, wannan sani zai yi masa amfani kai tsaye. Wanda ya zauna gida, kifin da ya fi samu a madatsanmu karfasa ne da tarwaɗa, a manyan ruwaye kuma har da ragon ruwa da kurungu. Amma dabarar ɗaya ce. Ko wane iri ne, babba yana bin sanyi da iska da maɓoya.

Yadda Za A Gane Inda Yake

Masu kuɗi a wasu ƙasashe suna da na'ura mai nuna musu zurfi da kifi a kan allo. Mu ba sai mun jira ta ba. Ga hanyoyi huɗu waɗanda ba su bukatar kuɗi.

Na farko, ku tambayi tsofaffi. Ƙarƙashin kowane dam akwai tsohuwar hanyar gulbi. Har yanzu akwai dattawan da suka yi noma ko kiwo a wurin da ruwan Zobe ya rufe. Sun san inda gulbi ya yi kwana, inda rafi biyu suka gamu, inda akwai fā, inda akwai tsohuwar kuka ko suri. Waɗannan wurare su ne gidajen manyan kifi a yau. Wannan sani yana tafiya kabari kowace shekara, ba wanda yake rubutawa.

Na biyu, igiyar awo. Ku sami igiya mai tsawo, ku ƙulla ta a kowace gaba ɗaya, ku ɗaura dutse a bakinta. Ku shafa ɗan kitse ko sabulu a gindin dutsen. Ku tuƙa jirgi a hankali daga gefe zuwa tsakiya kuna saki kuna ƙirga ƙulli. Inda kuka ga zurfi ya faɗa farat ɗaya, kamar daga gaba biyu zuwa gaba biyar, nan ne bakin gangare. Ku dubi abin da ya manne a gindin dutsen. Yashi ko tsakuwa alama ce mai kyau. Baƙar laka mai wari tana nuna babu iska a can. Ku riƙe wurin da alama biyu a tudu, kamar itace da hasumiyar masallaci, ko dutse da bakin bango, domin ku iya komowa gobe.

Na uku, kwalba. Ku ɗaura wa kwalba nauyi, ku toshe bakinta da toshiya wadda aka ɗaura wa zare dabam. Ku sauke ta zuwa zurfin da kuke so, ku fizgi zaren, ta cika, ku jawo ta da sauri. Ku taɓa ruwan, ku sansana. Ku yi haka a gaba biyu, da uku, da huɗu, har ƙasa. Inda ruwa ya soma sanyi amma ba ya wari, nan ne wurin aikinku.

Na huɗu, ku bar kifi ya gaya muku da kansa. Ku sa 'yan kifi masu rai cikin ƙananan kwanduna masu murfi, ku ɗaura su a igiya ɗaya, kowanne a nasa zurfi, ku sauke. Bayan rabin sa'a ku jawo. Wanda ya fito yana motsi, zurfinsa yana da iska. Wanda ya fito a mace, kada ku ɓata ƙugiya a nan. Amma kada a yi gwajin da tarwaɗa, gama halinta dabam ne. Kan iyakar nan tana sauyawa yayin da bazara take tafiya, don haka a sake gwaji kowane mako biyu.

Yadda Za A Kama Shi

In kun sami bakin gangare, kun kuma san zurfin da iska ta tsaya, sauran aiki haƙuri ne. Ku isa wurin tun kafin gari ya waye. Ku saki dutse ya riƙe jirgi nesa kaɗan da wurin, kada ku tsaya a kansa. Ban da buga filafili a jikin jirgi, ban da hayaniya, gama ƙara tana tafiya nesa cikin ruwa.

Domin giwan ruwa, a sa ƙugiya babba da igiya mai ƙarfi. Abincin ƙugiya kuwa kifi mai rai, kamar karfasa mai faɗin tafin hannu, a soke ta ta baya yadda za ta iya iyo. A sa dalma kaɗan, a ɗaura gora ko 'yar jarka a sama, a daidaita tsawon igiya domin abincin ya tsaya kamar gaba ɗaya bisa kan iyakar nan. Giwan ruwa yakan kawo hari daga ƙasa zuwa sama. In ya kama, kada ku yi kokawa da shi da ƙarfi, kada kuma ku naɗe igiya a hannu ko a ƙafa. Ku sakar masa, ku jawo, ku sakar, har ya gaji. Sa'ad da za ku ɗauke shi, ku yi hankali da ƙayar bayansa da gefen kumatunsa, suna yanka kamar aska.

Domin tarwaɗa da ragon ruwa, mamari ya fi. Amma maimakon a bar shi ya kwanta a laka, a ɗaura masa gora nan da can domin ƙugiyoyin su rataya a zurfin da aka gwada. Haka kuma kalli mai manyan idanu domin manyan karfasa: a shimfiɗa shi bin bakin gangare da yamma, a ɗauke da sassafe. Kifin da ya mutu cikin raga a ruwan zafi ba ya daɗewa yake lalacewa. Da an fito tudu a fede shi, a cire kayan ciki, a wanke da ruwa mai tsabta, a sa a inuwa. Abin da ba za a sayar a ranar ba a yanka gunduwa-gunduwa a yi banda.

Tilas mu faɗi wannan kuma: zurfi yana kisa. Iya ruwa fid da kai. Kada mutum ya shiga shi kaɗai. Kada a cika jirgi. In ba rigar kariya daga nutsewa, kowa ya ɗaura jarka wofi mai murfi a jikinsa. Daga ƙarshen Afrilu, in kun ga hadari ya taso daga gabas, ku bar ƙugiya ku nufi tudu. Babu kifin da ya kai ran mutum.

Hanyoyin Da Ke Cinye Gobe

Yanzu mu koma bakin ruwa inda muka bar ƙananan kifi. A ƙasarmu rana da iska kaɗai suna shanye wajen mita 2 na ruwan dam a shekara, ban da wanda injin ban ruwa yake ja da wanda dabbobi suke sha. Da bazara ruwa ya janye, ciyawar da 'ya'yan kifi suke ɓuya a ciki ta koma tudu. Sai su taru a wuri kaɗan, babu maɓoya. A nan ne kuma karfasa take haƙa gurbinta, uwar ta ɗauki ƙwai a baki tana reno. Wanda ya ja gidan sauro a wannan wuri ya kwashe uwa da 'ya'ya da ƙwai gaba ɗaya. Daidai yake da manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo a watan Mayu.

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce 'yan karfasa 100, kowace giram 10. Duka kilo 1 ke nan, miyar kwana ɗaya. A ce an bar su, rabi suka mutu, rabi suka kai giram 200. An sami kilo 10, sun kuma hayayyafa kafin a kama su. Wa zai sayar da goma ya karɓi ɗaya? Ga shi kuma gidan sauron da akan raba a asibiti an jiƙa shi da maganin ƙwari mai cutar da kifi, yaran da aka bayar dominsu kuwa suna kwana a fili zazzaɓi yana kama su.

Guba ta fi muni. Iyayenmu sun san magimfa, amma abin da ya zo daga baya ya wuce ta nesa. Maganin nan Gammalin 20, wanda ya yi suna wajen kashe kifi, sinadarin da ke cikinsa yana daɗewa cikin laka da cikin kitsen jikin mutum. A 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin magungunan da aka amince a daina amfani da su. Sauran magungunan feshi da ake sayarwa a kasuwa su ma guba ne. Ruwan da aka zuba wa guba, shi shanu za su sha, shi mata za su ɗiba, da shi za a yi ban ruwan tumatir. Kifin kuma 'ya'yan maƙwabcinka ne za su ci.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana su da guba, da nakiya, da wutar lantarki. Ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, watau inci 3, sai ga wasu 'yan ƙananan irin kifi waɗanda ba sa girma. Amma jami'in gwamnati ba ya kwana a bakin dam. Mu ne muke kwana a can.

Amma Me Matalauci Zai Ci?

Wani zai ce, "Malam, kana magana ne da cikakken ciki. Bazara ce lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki yana jira. Ni ba ni da jirgi. In na bar ƙananan kifi, wani zai zo da dare ya kwashe." Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba.

Gaskiya ne su na zurfi ba kullum yake bayarwa ba. Wata rana a dawo hannu wofi. Gaskiya ne kuma jirgi da igiya suna bukatar kuɗi. Amma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin biyar ba. Yadda ake adashi domin sayen injin ban ruwa, haka za a iya yi domin jirgi ɗaya, a riƙa fita bi da bi, a raba abin da aka samu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Batun wanda zai zo da dare kuwa, shi ne ainihin ciwon. Ruwan da ba na kowa ba, kowa gaggawar kwashewa yake yi. Maganinsa ba wa'azi ga mutum ɗaya ba ne, sai gari duka ya ɗaure magana. Dubi Argungu. Tun 1934 ake bikin su a can, a 2016 kuma Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Me ya sa ake samun irin wannan a Matan Fada? Domin an keɓe wurin, Sarkin Ruwa yana tsaronsa, ba a shiga sai ranar da aka ba da izini. Hutu ne yake girmar da kifi.

Akwai kuma inda muka yarda da mai ƙorafi. Kududdufin da kowa ya san zai ƙafe ƙaf kafin damina, a kwashe kifinsa, ba laifi, gama in ba a ci ba balbela za ta ci. Maganarmu a kan ruwan da ke kwana shekara ne.

Kada A Zuba Giwan Ruwa A Ƙaramin Dam

Da jin darajar giwan ruwa, wani zai ce me zai hana a kawo 'ya'yansa a zuba a Kusada ko Kafin Soli? Muna ba da shawara kada a yi. Dam ɗin Zobe yana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 170, na Tiga kusan miliyan 2,000. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, watau durom biyar. Ƙananan madatsanmu ba su kusa da haka ba. Giwan ruwa sai ya ci kilo da yawa na ƙananan kifi kafin ya ƙara kilo ɗaya a jikinsa. A ƙaramin ruwa zai cinye karfasar da talaka yake dogara da ita, daga baya shi ma zafin bazara ya kashe shi.

Ko a babban ruwa an ga abin da ya faru. A shekarun 1950 aka zuba shi a Tafkin Biktoriya, wanda ke tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya. A shekarun 1980 ya yi yawa ƙwarai. An sami kuɗi, an kafa masana'antu masu aika namansa Turai, amma irin kifin tafkin wajen 200 suka ɓace, ƙananan masunta da yawa kuma ba su da jarin shiga sabuwar sana'ar. Kifin da aka zuba a ruwa ba ya kwasuwa. Duk mai son zuba sabon iri ya fara neman shawarar jami'an kifi na jiha, ko ta cibiyar binciken kifi da ke New Bussa.

Abin Da Ya Kamata Mu Yi Kafin Bazara Mai Zuwa

1. Kowane gari mai dam ya zauna, da mai gari, da Sarkin Ruwa in akwai, da masu su, da masu lambu, da makiyaya, da matan da ke soya kifi da banda. A zaɓi 'yan kwamiti waɗanda jama'a suka yarda da su.

2. A sassaƙa ɗan itace mai tsawon inci 3 a ajiye wurin kwamiti. Ragar da idonta, in an ja shi ya miƙe, bai kai tsawon itacen ba, kada ta shiga ruwa. Mata masu saye su ma su ƙi karɓar 'yan mitsi-mitsi. In babu mai saye, babu mai kamawa.

3. A keɓe wani lungu mai ciyawa ya zama hurumi, ba su a cikinsa ko yaushe. A kuma ɗaga wa dam duka ƙafa na 'yan makonni a farkon damina, lokacin da tarwaɗa take haurawa cikin ciyawa domin zuba ƙwai. Lokacin kuwa kowa yana gona.

4. A tsare zurfin kansa. Dam da ya cika da yashi ba shi da hawa uku, ba shi da inda babban kifi zai fake. Kada a yi huɗa har bakin ruwa. A bar tazara, a dasa jema da itatuwa su tare ƙasa. Kada a wanke tankin feshi a dam.

5. A sa ɗalibi ɗaya ko biyu su zauna da dattawa su zana taswirar tsohuwar hanyar gulbi. A sayi littafi a riƙa rubuta zurfi, da wata, da irin kifin da aka kama a kowane wuri. Cikin shekara uku littafin nan zai fi kowace raga daraja.

'Yan'uwa, ruwan nan da kuɗi mai yawa aka tare shi, wasu ma gonakinsu da kufan iyayensu suna ƙarƙashinsa. Bai kamata mu mai da shi kududdufin da za a kwashe rana ɗaya ba. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan shafi, ku tattauna a dandali. Sa'an nan ku nemi igiya ku soma ƙulla ta tun yanzu.